An Kashe Aiki Amma Bai Mutu Ba: Yadda Rumbun Bayanai Ke Warware Abin Da Ya Fara

Duk wanda ya daɗe yana kula da rumbun bayanai na banki, ko na kamfanin waya, ko na wata ma'aikata, ya san wannan tashin hankalin. Wani ma'aikaci ya tura umarnin gyara layuka, a ce miliyan 40, a teburi guda. Umarnin ya shafe awa uku yana gudana, ya kulle teburin, sauran jama'a sun yi cirko-cirko suna jira. Mai kula da rumbun ya gaji, ya rubuta KILL da lambar aikin, yana zaton kafin ƙiftawar ido komai zai daidaita. Ina! In SQL Server ne, sai ya ga an rubuta KILLED/ROLLBACK a gaban aikin, rubutun nan kuma ya zauna daram: awa ɗaya, awa biyu, wani lokaci har ya zarce awa ukun da aikin ya ci tun farko. Teburin na nan a kulle, waya na ta ruri.

Rumbun bai lalace ba, ba kuma taurin kai yake yi ba. Alkawari yake cikawa, alkawarin kuwa da tsadarsa. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, warware aiki shi ma aiki ne, yana cin lokaci, yana cin ƙarfin na'ura, kuma babu rumbun da ya kuɓuce wa biyan wannan kuɗi. Babban abin da ya raba Oracle da PostgreSQL da SQLite a wannan fage shi ne lokacin da kowannensu ya zaɓi ya biya.

Alkawarin dai ɗaya ne: ayyukan da aka ƙulla wuri guda, ko su tabbata gaba ɗaya, ko a wayi gari kamar ba a taɓa fara su ba. Wannan ƙulli shi ne ma'amala. Tura naira 50,000 daga asusun uba zuwa na ɗansa a banki guda rubutu biyu ne, a rage can, a ƙara nan. In wuta ta ɗauke tsakanin rubutun farko da na biyu, kuɗin sun bar uba ba su isa ga ɗa ba. Shi ya sa manhaja ke buɗe ma'amala da BEGIN, ta yi rubutun biyu, ta rufe da COMMIT. Duk abin da bai kai ga COMMIT ba, a idon rumbu bai faru ba. Jim Gray, wanda ya yi aiki a kan System R na kamfanin IBM a shekarun 1970, ya kuma samu lambar yabo ta Turing a 1998, shi ya fi kowa shimfiɗa wannan tunani. A 1983 Jamusawa biyu, Theo Härder da Andreas Reuter, suka tattara sharuɗɗan ma'amala guda huɗu a ƙarƙashin sunan ACID, wanda ake karantarwa a jami'o'i har yau.

Mai hankali zai tambaya: to me ya sa za a sami abin warwarewa tun farko? Me zai hana rumbun ya riƙe duk canje-canjen a ƙwaƙwalwar wucin gadi, kada ya taɓa faifan ajiya sai an ce COMMIT? In aikin ya mutu, ƙwaƙwalwa ta goge, shi ke nan.

Matsalar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta da faɗin faifai. Rumbu yana adana bayanai a shafuka masu girma ɗaya: kilobait 8 a SQL Server da PostgreSQL, 16 a InnoDB na MySQL. Yakan ɗauko shafi daga faifai, ya gyara shi a ƙwaƙwalwa, ya bar shi nan. Umarnin da ya taɓa layuka miliyan 40 zai iya gyara shafukan da suka fi ƙarfin ƙwaƙwalwar gaba ɗaya, dole a sauke wasu kan faifai don samun wuri, ko da ma'amalarsu ba ta kammala ba. Ta ɗaya gefen kuma, in an ce COMMIT rumbun ba ya tsayawa ya rubuta duk shafukan da aka gyara, domin a warwatse suke, jiran rubuta su zai sa kowane ƙaramin aiki ya yi tafiyar hawainiya. Sakamakon haka, a kowane lokaci ka leƙa faifan rumbu mai aiki, za ka tarar yana ɗauke da abubuwan da bai kamata ya ɗauka ba tukuna, ya kuma rasa wasu da tuni aka yi wa mutane alkawarin an adana.

Abin da ke hana wannan hargitsi zama bala'i wani fayil ne da ake rubutu a cikinsa a jere, layi bayan layi, ba a komawa baya: rajista. Dokarta biyu ce. Ba a sauke shafin da aka gyara kan faifai sai bayanin gyaran ya riga shi isa rajista. Ba a kuma ce wa manhaja an tabbatar sai duk bayanan ma'amalarta, har da alamar COMMIT, sun zauna a faifai da gaske. Kowane shigi a rajista yana da lamba mai hauhawa, kowane shafi kuma yana ɗauke da lambar gyara na ƙarshe da aka yi masa. Sannan kowane shigi yana nuna wanda ya gabace shi a ma'amala guda, sai suka zama sarƙa. Wannan sarƙa ake bi a koma baya ranar da abu ya ɓaci. SQL Server yana ajiye tsohon bayani da sabo duk a rajista ɗaya. Oracle da InnoDB sun raba: rajistar maimaitawa daban, wurin ajiye tsofaffin ƙimomi daban, sai dai shi ma wurin rajistar ce ke kare shi.

Wa ya mutu?

Kafin a ce ga yadda ake warwarewa, sai an san wanda aka kashe, domin mutuwar iri-iri ce. Kowace manhaja da ke gudana, tsarin sarrafa kwamfuta, Linux ne ko Windows, yakan ba ta lamba da kasonta na ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne furoses. Wanda ya mutu yana iya zama manhajar da ke magana da rumbun daga waje, ko ma'aikacin cikin gida da rumbun ya ware mata, ko rumbun kansa ɗungurungum.

Mutuwar manhajar waje ita ta fi yawa, ita kuma ta fi yaudara. In manhajar ta faɗi kwamfutarta na raye, tsarin sarrafawa zai rufe layin sadarwar, rumbun ya ji, ya warware. Amma in janareta ya mutu a reshen banki, ko masu aikin titi suka tsinke wayar intanet, babu wanda zai aiko da sallama. Rumbun zai ɗauka abokin maganarsa tunani yake yi, ya ci gaba da riƙe masa ma'amala a buɗe da duk kulle-kullenta. A Linux, in ba a sauya saitin asali ba, sai layi ya yi shiru na daƙiƙa 7200, awa biyu cur, kafin a fara bincikar ko ɗaya gefen na raye. Don irin wannan ne PostgreSQL ya kawo, a fitowa ta 9.6 a 2016, saitin da ke korar duk wanda ya buɗe ma'amala ya yi zaman dirshan. Akasin haka ma na faruwa: mutum ya tura DELETE bisa kuskure, ya firgita ya rufe tagar manhajarsa, ya yi ajiyar zuciya. Shi kuwa rumbun bai san ya tafi ba sai lokacin da ya zo miƙa masa sakamako. In umarni ne tilo da ke tabbatar da kansa, yana iya ƙarasawa ya tabbata, mai shi na can yana zaton ya tsira.

Kashe ma'aikacin cikin gida kuma, nan kowa da kiwon da ya karɓe shi. A SQL Server da MySQL duk masu hulɗa zare-zare ne, wato ƙananan ma'aikata, a cikin furoses guda, saboda haka KILL ba kisa ba ne, tuta ce ake ɗaga wa zaren. Sai ya kai inda yake duba tutar, sannan ya daina, ya juya ya fara warware abin da ya yi da hannunsa. In ya maƙale yana jiran wani abu a wajen rumbun, ba zai ga tutar ba, yana iya kwana a haka. A Oracle, in zaman bai amsa ba cikin minti ɗaya, sai a dawo maka da saƙon ORA-00031, wato an yi masa alamar kisa amma bai tafi ba. In kuma aka kashe furoses ɗinsa daga Linux, wani mai gadi da ake kira PMON ne zai lura, ya saki abin da mamacin ya riƙe, babban aikin warwarewa kuma SMON ya ɗauka.

PostgreSQL na ba kowane mai hulɗa furoses ɗinsa, amma duk suna cin ƙwaƙwalwa ɗaya ta tarayya. Umarnin pg_terminate_backend yana aika sigina ta 15, wadda ke ba furoses damar ya tattara kayansa ya fita cikin mutunci. Sigina ta 9 ba ta ba kowa wannan dama. Wanda ya buga kill -9 a kan ma'aikaci ɗaya tak, uban gidansu, wato postmaster, ba shi da hanyar sanin ko mamacin yana tsakiyar rubutu a ƙwaƙwalwar tarayya, don haka sai ya sallami kowa da kowa, ya sake tashi daga rajista kamar wuta ce ta ɗauke. An je korar mutum ɗaya an watsa taro. Linux da kansa ma yakan yi wannan aika-aika in ƙwaƙwalwa ta ƙare, ya zaɓi furoses ɗaya ya harbe shi da sigina ta 9 ba tare da ya shawarci kowa ba.

Me ya sa komawa ta fi tafiya wuya

A Oracle da InnoDB da SQL Server na gargajiya, warwarewa na nufin bin sarƙar nan daga shigi na ƙarshe zuwa na farko. Layin da aka saka a cire shi, wanda aka goge a maido shi, wanda aka gyara a mayar masa da tsohuwar ƙimarsa, haka kuma a kowace fihirisa da ke kan teburin. Teburi mai fihirisa shida, goge layi ɗaya taɓa wuri bakwai ne, maido shi ma haka.

Tela kan zuge doguwar riga da keke cikin 'yan mintoci, amma in aka ce ya farke ɗinkin ba tare da ya yaga yadin ba, sai ya zauna da reza yana bin zare ɗaya-ɗaya. Haka abin yake a nan. Lokacin tafiya, rumbun yana iya raba aikin ga injina takwas ko goma sha shida, ya karanta shafuka a jere, ya tara rubutu ya zuba lokaci guda. Lokacin komawa, a SQL Server galibi zare ɗaya ne ke yin aikin. Shafukan da aka gyara awa uku da suka wuce tuni sun bar ƙwaƙwalwa, sai an sake ɗauko su daga faifai, daga nan da can. Kowane mataki na warwarewa kuma sai an rubuta shi a rajista, shi ya sa SQL Server ke ware wa kowace ma'amala fili a rajistar tun tana tafiya, don kada ranar komawa a ce wuri ya cika. Takardun MySQL da kansu sun yi gargaɗin cewa warware babban aiki na iya ninka lokacin yinsa sau da yawa.

Kulle-kullen kuwa ba za a sake su ba sai an gama, kuma wannan daidai ne. In aka buɗe teburin ana tsakiyar warwarewa, wani zai gyara layin da ba a kai ga maido shi ba, sannan mai warwarewa ya zo ya taka gyaran nasa da tsohuwar ƙima. Abin da ya rage wa mai kula da rumbu shi ne ya auna saura nawa. A SQL Server akwai KILL da lambar aikin da WITH STATUSONLY, duk da cewa hasashensa na lokaci ba abin rantsuwa ba ne. A Oracle ana kallon USED_UBLK a V$TRANSACTION yana raguwa zuwa sifiri. A MySQL ana duba adadin layukan da aka gyara a INNODB_TRX. Lissafin raguwar cikin minti goma ya fi duk wani alkawari da za a yi wa manaja a waya.

A nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum cewa ya kashe sabar rumbun gaba ɗaya ya sake kunnawa. A ganina, cikin kurakuran da ake yi a wannan sana'a, kaɗan ne suka kai wannan ban haushi, domin an gudu ne ba a tsira ba. Bashin na rubuce a rajista, rumbun kuma ba zai manta ba.

Hanyar da akasarin manyan rumbuna ke bi su farfaɗo ta samo asali ne daga ARIES, tsarin da C. Mohan da abokan aikinsa na cibiyar binciken IBM da ke Almaden suka wallafa a 1992. Zagaye uku ne. Na farko bincike. Rumbu yakan kafa alamar zango lokaci-lokaci a rajista (a PostgreSQL duk minti 5 in ba a sauya ba), daga zango na ƙarshe ake karantowa a gano ma'amalolin da mutuwa ta riska a buɗe, da shafukan da wataƙila gyaransu bai isa faifai ba. Na biyu maimaitawa, kuma a nan dabarar take: ana sake aikata duk abin da rajista ta ce an yi, har da ayyukan ma'amalolin da aka san za a warware. Ana kwatanta lambar da ke kan shafi da lambar shigin. In ta shafin ta kai ko ta wuce, gyaran na nan, a tsallake. In ba ta kai ba, a yi. Mutum zai ce ɓata lokaci ne a gina abin da za a rushe. Hikimar ita ce shafi guda na iya ɗaukar gyaran ma'amaloli da yawa a cakuɗe, wasu sun tabbata wasu ba su tabbata ba, kuma hanya mafi aminci ta raba su ita ce a fara mayar da komai daidai yadda yake a daƙiƙar da aka mutu. Sai zagaye na uku, warwarewa, irin wadda aka gudu aka bari.

To in wuta ta sake ɗaukewa ana tsakiyar farfaɗowa fa? Tambaya ce da ba ta wasa ba ga duk wanda ke riƙe da saba a inda lantarki ke zuwa da tafiya. ARIES ya yi tanadi. Duk matakin da aka warware ana rubuta masa shigin diyya, wanda ke nuna inda za a ci gaba. Shigin diyya ba a warware shi, maimaita shi kawai ake yi. Ko sau goma na'urar ta mutu, kowane tashi daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ba a cire kuɗi ɗaya sau biyu.

Saboda haka sake kunnawa ba ya ɓatar da abin da aka riga aka warware, amma ya ƙara maka karatun rajista, ya bar ka da ƙwaƙwalwa fanko, ya kori duk masu aikin da ba ruwansu. Oracle da InnoDB sukan buɗe ƙofa bayan maimaitawa, su ci gaba da warwarewa a bayan fage. SQL Server na Enterprise ma haka tun fitowar 2005. A ƙananan nau'o'insa kuwa, in ba a kunna sabon tsarin da zan ambata ba, rumbun gaba ɗaya a rufe yake sai an gama. Da teburi ɗaya ne a kulle, yanzu gidan duka. MySQL na da wata ƙofar baya, a sa innodb_force_recovery a kan 3 ya tashi ba tare da ya warware ba, amma an yi ta ne don a samu a jefar da teburin da ya addabi mutane ko a kwashe bayanai a gudu, ba don a ci gaba da kasuwa ba.

Masu biya daga baya, da mai biya tun farko

PostgreSQL ya gaji wani tunani daban daga POSTGRES, wanda Michael Stonebraker ya jagoranta a Berkeley a tsakiyar shekarun 1980: kada a rubuta sabo a kan tsoho. In aka gyara layi, tsohon na nan, a rubuta sabon kwafi, kowane kwafi da lambar ma'amalar da ta haife shi da ta wadda ta kashe shi. A gefe guda akwai ɗan ƙaramin kundi, pg_xact, inda kowace ma'amala ke da bit biyu kacal da ke faɗin halinta. Warware ma'amalar da ta taɓa layuka miliyan 40 bai wuce sauya waɗannan bit biyu ba. Duk mai karatu da ya ci karo da layin da ma'amala matacciya ta haifa sai ya kau da kai. Bayan mutuwar saba ma babu zagaye na uku. Duk wadda ba a ga alamar COMMIT ɗinta ba, an ɗauke ta a matacciya.

Abin sha'awa ne, amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Gawarwakin layuka miliyan 40 na nan kwance a teburi da fihirisa, suna cin wuri, suna rage gudun karatu, har sai mai shara, wato VACUUM, ya zo ya kwashe. Shi ma in ya kwashe, galibi filin yakan zauna a cikin fayil ɗin don amfanin gaba, fayil ɗin bai cika tsukewa ba. Duk da haka na fi son wannan ciniki: gara a biya da daddare a hankali, ƙofa a buɗe, da a biya da rana tsaka mutane na layi. Microsoft ma ya karkata nan. A SQL Server 2019 ya kawo Accelerated Database Recovery, wanda ke adana tsofaffin kwafin layuka a cikin rumbun, ya mayar da warwarewa abin nan take, shara kuma a bar wa mai shara na bayan fage. Kuɗinsa ƙarin wuri ne da ɗan ƙarin nauyi a kan kowane rubutu.

Rumbun da ya fi kusa da mai karatu kuwa yana aljihunsa. SQLite, wanda D. Richard Hipp ya fara a 2000, yana cikin kowace wayar Android da iPhone, a cikinsa WhatsApp ke ajiye saƙonni. Ba shi da saba, ba shi da mai gadi. In Android ya kashe manhaja don ya sami ƙwaƙwalwa, ko batiri ya mutu, babu wanda ya rage a raye da zai gyara. A tsarinsa na asali, kafin ya taɓa shafi sai ya kwafi tsohon zuwa wani fayil na gefe mai suna irin na rumbun da ƙarin -journal, ya tabbatar ya zauna, sannan ya yi gyara. Goge wannan fayil shi ne COMMIT. Duk wanda ya zo buɗe rumbun daga baya ya tarar da fayil ɗin ba mai shi, ya san an mutu a tsakiyar aiki, sai ya mayar da tsofaffin shafuka kafin ya karanta komai. Tun 2010, a fitowa ta 3.7.0, akwai tsari na biyu inda sababbin shafuka ke taruwa a fayil mai ƙarin -wal. Ko wanne ne, wanda ya ga waɗannan fayiloli ya ɗauke su tarkace ya goge, ko ya kwafi rumbun ya bar su a baya, ya yar da maganin da hannunsa.

Duk wannan gini a kan abu ɗaya ya dogara: in faifai ya ce ya rubuta, to ya rubuta. Faifai mai araha da ke amsawa alhali bayanin na cikin 'yar ƙwaƙwalwarsa yana iya karya dokar rajista ranar da wuta ta ɗauke. Shafi ma na iya tsagewa, rabi sabo rabi tsoho, shi ya sa InnoDB ke rubuta shafi sau biyu, PostgreSQL kuma ke kwafe shafi sukutum cikin rajista a gyaran farko bayan kowane zango. A 2018 masu gina PostgreSQL sun gano cewa in umarnin fsync, wanda ke tilasta sauke rubutu kan faifai, ya gaza a Linux, sake gwada shi na iya dawowa da amsar nasara alhali bayanin ya salwanta. Gyaran da suka yi shi ne, da zarar ya gaza rumbun ya kashe kansa ya tashi daga rajista.

Inda hannun rumbu ba ya kaiwa

Akwai abubuwan da ba sa komawa. Lambobin jeri da ake ba sababbin layuka ba a maido su, shi ya sa za ka ga rasit na 1050 na bin na 1047, mai binciken kuɗi ya ɗaga gira alhali ba wanda ya ci komai. A Oracle da MySQL, umarnin ƙirƙira ko sauya fasalin teburi yana tabbatar da duk abin da ya gabace shi ba tare da an nema ba. Tsohon injin MyISAM, wanda MySQL ke amfani da shi kafin InnoDB ya zama na asali a fitowa ta 5.5 a 2010, bai san ma'amala ba sam: ka kashe UPDATE a tsakiya, rabin layuka sun sauya, rabi ba su sauya ba. Shawarar da ake yawan bayarwa, a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, layi dubu goma-goma kowanne da COMMIT ɗinsa, shawara ce mai kyau, tana rage warwarewa zuwa daƙiƙoƙi. Sai dai wanda ya bi ta ya sani ya sayar da alkawarin duka-ko-babu. In aka kashe aikin a gunduwa ta 700, guda 699 sun tabbata, shi ne zai san yadda zai ci gaba ko ya koma.

In ma'amala ta ratsa rumbuna biyu, akan yi tabbatarwa mai mataki biyu: kowanne ya ce na shirya, sannan mai gudanarwa ya ce a tabbatar. Wanda ya riga ya ce na shirya ya sarayar da 'yancin warwarewa da kansa. In mai gudanarwa ya mutu a wannan gaɓa, ma'amalar takan zauna cikin kokwanto da kulle-kullenta, sake kunna saba ma ba ya kawar da ita, sai mai gudanarwa ya dawo ko ɗan Adam ya yanke hukunci.

Wannan ya kawo mu ga abin da kusan kowane mai asusu a Najeriya ya taɓa ɗanɗanawa: an cire kuɗi a POS, na'ura ta ce bai yi ba. Mutane kan tambaya me ya sa kwamfutar banki ba ta warware nan take. Amsar ita ce, a wajen bankinka babu abin warwarewa. Ma'amalarsa ta kai COMMIT lafiya lau; amsar ce ta ɓace a hanya tsakanin bankinka da kamfanin da ke haɗa layin da na'urar mai shago, kowannensu da rumbunsa. Maido kuɗin sabuwar ma'amala ce da ke soke ta farko, wadda sai saƙon sokewa ya iso ko an daidaita lissafi tsakanin ɓangarorin. Shi ya sa abin ya zama na doka: a watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ƙayyade awa 24 in ATM ɗin bankinka ne ya riƙe kuɗin kuma bai maido nan take ba, awa 48 in na wani banki ne, awa 72 ga POS da cinikin intanet.

Ko tsakanin manhaja ɗaya da rumbu ɗaya akwai wannan rami. Manhaja ta aika COMMIT, layi ya yanke kafin amsa ta dawo. Wataƙila umarnin bai isa ba, rumbun ya warware. Wataƙila ya isa, amsar ce ta faɗi. Daga inda manhajar take, biyun kama ɗaya suke. In ta sake turawa a makance tana iya biyan mutum sau biyu, in ta yi shiru tana iya hana shi haƙƙinsa. Masu gina tsarin biyan kuɗi sukan ba kowace buƙata lamba tata ta daban tun kafin a aika, a adana lambar a cikin ma'amalar kanta, a kuma hana rumbu karɓar lamba ɗaya sau biyu. In aka sake turawa, ko dai aikin ya shiga karo na farko, ko rumbun ya ce wannan na wurina tuni. Doguwar lambar nan da ke ƙasan rasit ɗin tiransifa, wadda ma'aikacin banki ke fara tambayarka in ka je ƙorafi, da ita ake bin sawun kuɗin daga rumbu zuwa rumbu a gano wanda ya tabbatar da wanda bai ji ba.